Rabin Waƙar da ke Gafakar Kawu Ilu

Ranar da na sauka Jamus na koyi cewa adireshi yana iya zama gaskiya, gidan ma ya zama gaskiya, amma ɗakin ya zama ƙarya. Ina tsaye da akwatina a ƙofar wani dogon bene, ana yayyafi, na danna ƙararrawa har sau uku. Wata tsohuwa ta leƙo rungume da ɗan karenta. Na miƙa mata takardar da na bugo tun daga Katsina, mai hoton ɗaki da gado da tukunyar fure a taga. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ce da Turancin da bai fi nawa ba: "Babu wani Mista Pita a gidan nan. Ba a taɓa yin sa ba. Kuma ba kai ne na farko ba."

Mista Pita shi ne mutumin kirkin da na samu a intanet, wanda ya yi ta kirana ɗan'uwansa, ya ce in turo kuɗin haya tun kafin in taso kada wani ya riga ni. Na kira lambarsa, a kashe. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Ni fa ma'aikacin laburare ne, shekara goma sha shida ina tantance wane ne ya rubuta me, ina yi wa ɗalibai faɗa kada su yarda da suna don kawai sun gan shi a rubuce. Ga shi an yi mini sakiyar da ba ruwa da suna guda da hoton fure.

Na ja akwati na bi titi ban san inda na dosa ba. Tayar akwatin ɗaya ta cire, na koma ɗaukarsa a kafaɗa. Wajen la'asar, ina wucewa ta gaban wani shagon nama, sai na ji an ɗaga murya a ciki: "Ka faɗa ma Hajiya ya kawo albasan gobe!" Na tsaya cak. Hausa ce, ko da yake irin wadda mace da namiji duk "ya" ne. Na yi sallama da muryar da ni kaina ban gane ta ba.

Mai shagon wani kakkauran dattijo ne, Alhaji Bawa, haifaffen Zangon Kumasi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, ruwa ya buge ka." Ya zaunar da ni kan wani akwatin katako, ya haɗa mini shayi mai kauri, ya turo burodi da soyayyen nama. Bai tambaye ni komai ba sai da ya ga na suɗe hannu. Sannan ya ce, "To, wane ne sunanka, kuma wa ya cuce ka?" Ya yi dariya har da riƙe ciki da ya ji labarin tukunyar fure. A ranar ya ba ni ɗan ɗakin ajiya da ke saman shagon. Wata uku na kwana cikin ƙamshin albasa da kayan yaji, har rigunana suka ɗauka, kuma ban taɓa son wani ɗaki kamarsa ba.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. A laburaren da nake aiki a Katsina akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da gidaje suka kawo ajiya. Mun rubuta bayaninsu a kati, daga baya muka zuba a kwamfuta: sunan littafi, wanda ya wallafa, wanda ya kwafa, yawan warƙoƙi, wato fallayen takarda. Amma kundin namu kurma ne, ba ya magana da kowa. Wanda ke Masar ko Landan yana neman malamin Katsina ba zai san muna da shi ba. Shi ne aka tura ni kwas in koyo yadda ake ƙulla bayananmu da manyan rumbunan bayanai na duniya, inda kowane marubuci da kowane gari yake da lambarsa shi kaɗai.

Wannan shi ne aikin gwamnati. Akwai kuma aikin Kawu Ilu, wanda ya fi nauyi.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Gobarau a gidan da aka haife su. Yana da wata gafaka, wato jakar fata ta littafi, a cikinta akwai warƙa goma sha tara na wata waƙar nasiha da ajami, da hannun mahaifinsu, kakana Malam Haruna. Malam ya rasu Kawu yana shekara bakwai, mahaifiyata tana goye. Da aka zo rabon gado, littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne, sai masu rabo suka ƙirga warƙoƙin waƙar suka raba biyu: farko ga Kawu, ƙarshe ga yayansa Sani. Mahaifiyata aka ba ta tunkiya. Sani ya ɗauki rabonsa ya bi hanyar gabas da niyyar Makka, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kawu ya haddace rabinsa tun yana yaro. Duk wanda ya tashi a gidan ya san inda waƙar take tsayawa:

In ka ga baƙo ƙofar zaure da rana,
Kada ka fara da tambayar sunansa,

Shi ke nan. Sai kalma ɗaya tak a can ƙasan shafin, ita kaɗai. Masu rubutunmu ba sa sa lambar shafi. Abin da suke yi, a gindin kowace warƙa sai su rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba, don in iska ta watsa littafi a iya jera shi. Kalmar da ke gindin warƙar Kawu ta ƙarshe ita ce "ɗebo". Shekara saba'in da ɗoriya ana gardama a gidanmu kan me za a ɗebo. Kawu ya tsaya kai da fata ruwa ne. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ta ce ai fura ma ana ɗebowa.

Yanzu idanun Kawu sun tafi, sai dai ya shafa warƙoƙin da yatsa. Da na je yi masa sallama na bayyana masa aikin, ya ce, "Sada, tunda ka ce duniya duk za ta gani, to ka sa mani sunan Malam inda ba ya gogewa. A san shi ya yi waƙar ga. Ba ni da wani saƙo." Malam yake cewa, don bakinsa bai taɓa furta sunan ubansa ba. Haka gidanmu yake.

Malamarmu a kwas wata doguwar mata ce, Malama Hilda, mai zuwa aiki kan keke ko da ƙanƙara ake zubawa. Ranar farko ta ce, "Suna riga ne, mutum goma suna iya sa iri ɗaya. Lamba ita ce ke nuna mutum." Raina ya sosu. A wurinmu shanu ake yi wa lamba, sai fursuna. Amma ni mutum ne mai bin diddigi, ba na iya ganin ƙofa a buɗe ban leƙa ba. Da aka tashi na zauna na nemi Katsina a rumbun. Ga ta da lambarta. Na danna, ta kai ni taswira. Na danna, ta kai ni wani littafi a wata ƙasa da aka ambaci garinmu a ciki, daga nan zuwa wani matafiyi, daga shi zuwa wasiƙar da ya rubuta wa ƙanwarsa yana kukan zazzaɓi. Ban farga ba sai da mai shara ta zo ta tsaya a kaina da tsintsiyarta.

Aikin kansa kuwa ga yadda yake. Za ka zuba jerin sunayen kundinku cikin wata manhaja, ita kuma ta shiga rumbunan duniya ta nemo masu kama da su. In ta tabbata sai ta nuna kore, in tana shakka rawaya, in ba ta samu ba ja. Kai ne za ka duba ka amince. Abokan karatuna na ƙasashen Turai nasu kore ne shar, kafin azahar sun gama sun tafi shan gahawa. Ni kuwa, Muhammadu ɗan Abubakar, Abubakar ɗan Muhammadu, Usmanu ɗan Muhammadu ɗan Usmanu. Manhajar ta rikice, allona ya zama ja da rawaya kamar rumfar mai tattasai. Kullum ni ne na ƙarshe, kuma ina jin kunya, kamar malaman garinmu ne ba su isa ba.

Ana nan, ran wata Talata, na iso kan waƙar gidanmu, don na sa hotunan warƙoƙin Kawu cikin kundinmu da izininsa. Sai ga kore. Haruna ɗan Isiyaku Bakatsine, da lambarsa, a babban rumbu. Murna ta kama ni. Ashe duniya ta san kakana! A gefen sunan akwai shekarun haihuwa da rasuwa da ƙananan baƙaƙe. Na gan su kamar yadda mutum ke ganin bango, ban karanta ba. Na danna amincewa. Ko ruwa ban sha ba na fita waje na kira gida, aka kara wa Kawu waya a kunne.

"Kawu, an gama! Sunan Malam ya shiga, har lamba gare shi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi yi maka albarka, ɗan Inna." Daga baya na ji ya sa an sayo goro an raba a masallacin unguwa, ya shaida wa kowa.

Kwana tara ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. A na goma saƙon imel ya shigo, da wata irin Hausa ta tsofaffin littattafai:

"Zuwa ga Malam Sada, gaisuwa da aminci. Bayan haka, Haruna ɗan Isiyaku wanda ka ɗaura wa waƙarka alƙali ne da ya rasu shekaru kusan ɗari biyu kafin a ƙera mota. Waƙarka kuwa ta ambaci mota a warƙa ta huɗu. Ko dai waliyyi ne, ko kuwa ka yi kure. Amma Harunanka na san hannunsa. Zo ka gani. Ni ne Dokta Otto."

Na karanta sau uku. Na buɗe warƙa ta huɗu, wadda na sani tun ina yaro: mota ta zo ta wuce raƙumi, ba ta wuce ajali ba. Na koma kan ƙananan baƙaƙen nan, na karanta su yanzu da ba su da amfani. Mista Pita ya yaudare ni da suna, ga shi na yaudari kaina da suna, har na haɗa da makahon tsoho.

Malama Hilda ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Ta zauna kusa da ni ta nuna mini inda kurena ya kai. Warware ƙullin a kundinmu aikin minti ɗaya ne. Amma cikin kwana goman nan wasu rumbuna uku sun riga sun kwashi bayanin daga wurinmu, wasu kuma sun kwasa daga wurinsu. A wani shafi har an ƙara wa alƙalin nan "mawaƙin Hausa" cikin tarihinsa, bawan Allah yana kabarinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta ce, "Za ka rubuta wa kowannensu, ɗaya bayan ɗaya." Na tambaye ta, to kakana fa? Ta ce ba shi da lamba, kuma ba a buɗe wa mutum lamba sai da hujja a rubuce cewa shi ne ya yi abin da ake cewa ya yi. Na ce duk unguwarmu shaida ne. Ta ce, "Unguwarku ta gani da idonta, ko ta ji ne?" Na ce ji ne.

Mako biyu ban kira gida ba. A lokacin ne kewa ta kama ni sosai. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu, ba kiran salla sai na waya. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki ka tambayi iyali mutum ya kai ƙarshen layi. Wata rana na tsaya na gai da maƙwabcinmu yadda ya kamata, gajiya, aiki, sanyi, yara, sai ya sa hannu a aljihu yana tambaya ko wani abu nake buƙata. Na hau sama na zauna kan buhun shinkafa, na yi kewar hayaniyar 'yan acaɓa a Ƙofar Durbi, abin da kullum nake zagi. Alhaji Bawa ya lura ba na cin abinci. Da na faɗa masa ya ce, "Kai Bakatsine, tsohon ya ce ka zo ka gani, kai kana nan kana gani buhu. Tashi ka je."

Garin Dokta Otto tafiyar awa huɗu ce a jirgin ƙasa. Na sayi tikiti, na shiga jirgin da ya dace, a lokacin da ya dace, na zauna ina yaba wa kaina. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, jirginsu yana rabuwa biyu a hanya. A wata tasha aka yi sanarwa da Jamusanci, mutane suka tashi suka yi gaba, ni ina ta kallon shanu ta taga. Kan jirgin ya yi arewa inda za ni, gindinsa da ni a ciki ya yi gabas. Mai duba tikiti, wata mata mai jan gashi, ta dubi tikitina ta dafe kai. Ba ta jin Turanci, ba na jin Jamusanci. Ta zaro biro ta zana mini hanya a bayan tikitin, da kibiyoyi da agogo, ta sauka da ni a tasha ta gaba, ta riƙe hannun rigata har bakin wani jirgin kamar ɗan makaranta. Ban san sunanta ba har yau.

Na isa a makare da awa uku. A kan dandamalin tashar wani tsoho siriri yana tsaye da lema da sanda. Ya ce, "Malam Sada? Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina wajen mutan gida? Yaya ka baro Katsina?" Wallahi saura kaɗan in yi hawaye. Ya koyar a arewacin Najeriya yana saurayi, ya dawo ya yi aikin laburare har ya yi ritaya, yanzu yana zuwa kyauta yana jera wasu akwatunan takardu da wani likita ya saya a hannun mahajjata a ƙasar Chadi, ya bar wa laburaren garin.

Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi, ya sa na wanke hannu, ya buɗe wani kwali. Tun kafin in karanta na gane hannun, da yadda Malam ke jan wutsiyar baƙi kamar ba ya son rabuwa da ita. Warƙa goma sha takwas. Dokta Otto ya ce shekara talatin yana neman farkonta. Ya sa wa kwamfutarsa ta riƙa sanar da shi duk sanda sunan Haruna ɗan Isiyaku ya motsa a ko'ina, kuma kurena ne ya motsa shi. Na ɗora yatsa kan kalmar farko. Ɗebo. Na karanta baitin, na yi dariya ni kaɗai har tsohon ya tsorata.

Ya ce, "Kada ka yi sauri. Je ka ƙarshe."

A warƙar ƙarshe, bayan waƙa ta cika, Malam ya rubuta da ƙaramin hannu: "Ta cika da godiyar Allah. Waƙar mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Ita ta tsara ta tana kaɗi, ni kuwa na rubuta daga bakinta. Haruna ɗan Isiyaku, a Gobarau."

Na daɗe ina kallon wurin. Dokta Otto ya ce, "Ya faɗi sunansa, ya faɗi unguwarsu, har ya faɗi tana kaɗa auduga. Sunanta ne kawai babu. Na san dalili, kunya ce, na zauna da ku. Amma katina yana da gurbi, kuma shekara talatin gurbin nan yana kallona." Ni ba katinsa nake tunani ba. Ina tunanin goron da aka raba a masallaci.

Da na koma, Malama Hilda ta karanta hoton warƙar tare da fassarata, ta ce yanzu akwai hujja. Muka buɗe wa Malam Haruna lambarsa ta gaskiya, a matsayin wanda ya kwafa. Muka ƙulla rabin Katsina da rabin Jamus, yadda duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga hanyar zuwa ɗayan. Sai na ce, ita fa mai waƙar, tunda ba suna? Ta ce, "Wa ya ce sai da suna?" Ta buɗe sabuwar lamba, muka rubuta abin da muka sani: mace ce, ta zauna Katsina, mahaifiyar wancan ce, ita ta tsara wannan. Gurbin suna muka bar shi fari. A ranar na janye maganata ta shanu da fursuna. Lambar ta kama wa tsohuwa wuri a sahu kafin a san yadda za a kira ta.

Sauran makonnin na ƙare su ina rubuta wasiƙun ban haƙuri ga rumbunan da suka kwashi kurena. Duk sun gyara sai ɗaya, wanda har yau bai amsa ba, can alƙali yana nan yana waƙa. Kawu kuwa ban gaya masa komai ba. Irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ranar tahowata Alhaji Bawa ya cusa mini ƙullin kayan yaji a akwati, ya ce, "Ka gai da Hajiya mamanka, ka ce masa ya yi mini addu'a."

Kwana biyu da dawowata, da hantsi, na ɗauki Inna muka tafi Gobarau. Kawu yana kan buzunsa a tsakar gida, gafakar tana gefensa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambaya ko gaskiya ne ba su da rana. Da gaisuwa ta lafa na ce, "Kawu, ɗan ja mana baƙon nan na ƙofar zaure."

Ya gyara zama ya rera, da muryar da ta tsufa amma ba ta manta hanya ba. Ya kai "kada ka fara da tambayar sunansa", ya ce "ɗebo", ya tsaya inda ya saba tsayawa. Sai na ɗauka daga takardar da ke hannuna:

Ɗebo harawa ka zuba wa jakinsa,
Shi ya ɗauko shi, ya fi shi gajiya.

Kawu ya buɗe baki. Inna ta ce, "Harawa?" Sai ya fashe da dariya, yana buga cinya, hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani. "Harawa! Shekara saba'in ina ba baƙo ruwa, ashe jaki na bari da yunwa! Ina ka samo ta, Sada? Ina Yaya Sani ya kai ta?" Na ba shi labarin likita da mahajjata. Ya ce Allah ya jiƙan Sani, ko guzuri ne ya ƙare masa ya sayar da ita. Ya ce in ci gaba, kada in tsallake ko wasali.

Na karanta warƙa goma sha takwas, yana gyaɗa kai, wani wurin ya sa in maimaita. Da na zo ƙaramin rubutun ƙarshe na karanta shi yadda yake. Sannan na ce, "Kawu, lambar da na gaya maka a waya ta wani ce, kure na yi don gaggawa. Malam yana da tasa yanzu. Amma ba a matsayin mai waƙa ba. Shi ya rubuta, ba shi ya tsara ba."

Kawu ya laluba gefensa. Ya jawo gafakar ya ɗora a cinya, yana shafa bakinta. Na jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa ciwo. Can ya ce, "Maimaita wurin kaɗin." Na maimaita. Ya ce, "Mazarinta na nan cikin tsohon adudu, ban san ko na wa ne ba sai yau." Ya share fuska da hannun riga. "To Malam bai ci haƙƙin uwarsa ba, ni zan ci? Gobe in tahi masallaci in hwaɗa masu da bakina. Wurin mai waƙa mi kuka rubuta?"

"Ba komai, Kawu. Malam bai faɗi sunanta ba. Ba wanda ya sani."

Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin ƙanwarsa. "Ke, kin ji ɗanki? Wai ba wanda ya sani." Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce, "Kai Sada, da karatunka da jirginka. Mi ya sa kake tsammani ake ce ma uwarka Inna tun tana cikin zanen goyo? Sunan tsohuwar Malam ya maida mata, ya kasa kira, mu ma muka kasa. Ga sunan nan zaune kusa da kai, shi ya yi maka goyo."

Na san da wannan al'ada kamar yadda na san ƙofar gidanmu, amma ban taɓa tambayar sunan wa Inna ta ci ba. Na je har Jamus neman abin da ke dafa mini tuwo.

Na buɗe kwamfuta a kan tabarma, na jona da wayata, na nemo lambar nan mai farin gurbi. Na rubuta sunan. A wurin hujja na sa: daga bakin jikanta, Ilu ɗan Haruna, a Gobarau, tare da shaidar wadda ta ci sunan. Na aika wa Dokta Otto layi ɗaya cewa ya ɗauko katinsa.

Kawu ya ce, "Karanta mani abin da ka sa, in ji ko ka sake kure."

Na karanta. Mace ce. Ta zauna Katsina. Mahaifiyar Malam Haruna ce. Ita ta tsara waƙar. Na zo kan gurbin suna, wanda yanzu ba fari ba ne, na tsaya.

"Ina jin ka," in ji Kawu.

Na yi gyaran murya. Na dubi Inna, ta kau da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ƙyale shi, Yaya. Jikan Malam ne."

Sunan yana nan inda ba ya gogewa, wanda ke Masar da wanda ke Landan duk suna iya buɗewa su karanta. Mai son sani ya je ya duba. Ni dai ba daga bakina ba.